Na'urar Caji da Rakiyar Mai Faci

Ni mai faci ne. Na yi shekaru masu yawa a gindin wata darbejiya, a bakin titin da ya tashi daga Gaya ya nufi Ajingi. Kayan aikina famfon iska ne, da bahon ruwan da nake tsoma tib in gano inda ta huje, da benci biyu. Makaranta kuwa, ajin yaƙi da jahilci na shiga, kuma har yau ban tabbatar da wanda ya ci yaƙin ba. Abin da Allah ya hore mini shi ne baki. Mutum zai kawo facin minti goma, ya tashi bayan awa biyu, ya manta inda za shi.

Sai zamani ya juya. Aka kawo tayoyin da ba su da tib, faci ya ja baya. Abokan zamana kuma, wani ya rasu, wani 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Kano, wani gwiwa ta zaunar da shi a zaure. Bencin nan biyu suka koma wurin kwanan awaki. Akwai ranar da na tsinci kaina ina ba wa wata akuya labarin tafiyata ta farko zuwa birni, tana tuƙa tana kallona. Ita ma ba ta tsaya ta ji ƙarshe ba.

Ana haka wata rana da hantsi mota ta tsaya a gabana. Ban ji zuwanta ba, don ba ta ƙara, sai da inuwarta ta rufe mini baho na ɗaga kai. Wata mata ta fito, sa'ar 'yata ta biyu, ta ɗora rigar ma'aikata mai ruwan ɗorawa a kan hijabinta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ce ita injiniya ce a wani kamfanin wutar lantarki.

"Baba, ka ga adaidaita sahun nan masu aiki da batir da suka fara yawa?"

Na ce na gan su, masu wucewa shiru kamar ɓarawon kaji.

Ta yi dariya. Ta ce matsalar direbobinsu caji ne. A gida sai abin hawa ya kwana a jikin wuta kafin ya cika, in ma an kawo wutar. Kamfaninsu yana so ya kafa na'urori masu cika batir da sauri, gwargwadon mutum ya yi alwala, ya yi salla, ya sha shayi. Kuma ba sa kafawa ko'ina, sai inda direbobi suka riga suka saba tsayawa.

"An ce mana duk hanyar nan babu inda ake tsayawa kamar gindin darbejiyarka."

Wanda ya faɗa mata haka, labarin da ya ba ta ya fi ta shekaru. Na dubi bencin, na dubi kashin awakin da ke ƙarƙashinsa, na matsa na rufe shi da ƙafa. Na ce, "Injiniya, yau ne kika zo ranar da babu mutane."

Filin nawa ne, gefen gonar gado. Aka yi magana da mai unguwa, aka sa hannu, ni na dangwala yatsa. Ta ce gwaji ne daga farkon damina zuwa kaka. In wurin ya karɓa, na'ura ta zauna. In bai karɓa ba, a mayar da ita tasha a cikin Gaya.

Suka kafa rumfa mai farantan sola a sama, da wani akwatin batir a kulle, da ita kanta na'urar, fara, tsayinta kamar firij, da igiyoyi biyu masu kauri irin na gidan mai. Aikina shi ne in jona, in cire, in hana awaki cin igiya. In batir ya cika, fitila ta koma koriya, na'urar ta yi ɗan kuka sau uku.

Ba a yi mako biyu ba benci ya cika. Mai shayi ya kawo teburinsa, aka shimfiɗa tabarmar salla. Ranar kasuwar Ajingi har a ƙasa ake zama. Ni kuwa labaran da suka taru a cikina tun rasuwar abokaina suka sami ƙofa. Cikin direbobin akwai wani magidanci ɗan garin Gafasa, jikan wani abokina marigayi, don haka akwai wasa tsakaninmu. Shi ne mai zuga ni.

"Tsoho, yau wace ƙaryar aka kawo mana?"

"Ta kakanka, ranar da jaki ya kayar da shi a gaban surukansa."

"To jona ni tukuna, kada in ji ta da yunwar batir."

Tsohuwata, wato uwargidana, ta ce tun da aka kafa abin nan na daina yi mata surutu a kan tuwo, tana roƙon Allah ya ƙara wa kamfanin albarka.

Damina ta yi tsakiya, gyaɗa ta rufe ƙasa, sai ga Injiniya. Ta gaishe ni, amma ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini wani zane a fuskar babbar wayarta, wanda ban gane komai a ciki ba, na dai gyaɗa kai irin na masu ilimi.

"Baba, daga ofis muna ganin duk abin da na'urar nan take yi. Keken adaidaita yakan cika, sannan ya zauna a jone awa guda, wani lokaci biyu. Wanda ya zo ya ga igiyoyin biyu duk a kame, sai ya wuce. Mu kuma abin da ya sa muka kashe ƙarfi a kan mai sauri, don wannan ya tashi wancan ya shiga ne. In za a wuni a jikinta, ba ta da bambanci da soket ɗin gida. In aka kai kaka a haka, ɗauke ta za su yi."

Na ɗora laifin a kan mai shayi, na ce ruwansa ba ya tafasa da wuri. Na ɗora a kan direbobi, na ce 'yan zamani ba su san darajar lokaci ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce bari ta ɗan zauna ta huta.

Da na san dalilin hutun, da na kama bakina. Amma benci a cike, ga baƙuwa, sai na ɗauko labarin ranar da na yi wa babbar mota faci da tafin takalmina. Ina daidai inda direban ya ce in tayar ta kai shi Wudil zai ba ni 'yarsa, na'ura ta yi kuka sau uku. Babu wanda ya waiwaya. Ɗan Gafasa, wanda kekensa ne ya cika, ya kaɗa hannu ya ce, "Ƙyale ta, tsoho, kullum haka take yi. Sai me ya faru?"

A bakin titi wani keke ya rage gudu, ya duba, ya wuce. Injiniya ta bi shi da kallo, sannan ta dube ni. Ta tashi ta yi sallama.

Ranar tuwo bai shiga ba. Ba na'urar nake ji ba, don ni ko keken ba ni da shi. Bencin nake ji. Na riga na san yadda yake in babu kowa a kai.

Dabarata ta farko, na yi shiru. Na zo da safe, na jona, na koma gefe na ɗaure fuska. Kafin azahar magana ta zaga cewa mai faci ba shi da lafiya. Waɗanda suka cika suka ƙi tafiya, wai ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Wani ya je ya kawo mini jiƙon sabara, suka tsaya a kaina sai da na shanye. Ranar an fi kowace rana daɗewa.

Dabara ta biyu, na ce gaskiya zan faɗa. Fitila ta yi kore a kan keken wani dattijo, mutumin kirki, mai jigilar malaman Islamiyya. Na ce, "Malam, ka cika, sai ka tashi." Ya ajiye kofin shayinsa da sauran shayi a ciki, ya ce, "Ashe korata ake yi." Kwana bakwai yana wucewa ta gabana bai ko ɗaga hannu ba, sai da na taka har gidansa na ba shi haƙuri. A wurinmu ba a ce wa mutumin da ke zaune a bencinka ya tashi. Ni ma da aka yi mini, da abin da zan yi ke nan.

Na dawo gida da la'asar na zayyana wa tsohuwata komai. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, kai da girmanka ba ka san yadda ake sallamar baƙo ba? Miƙewa za ka yi, ka sa takalmi, ka ce mu je in taka maka. Wa zai zauna mai gida yana tsaye? Kuma ya tafi yana jin an girmama shi."

Na ce wannan ai rakiya ce, rakiya kuwa karramawa ce, ba kora ba. Na ce ta tambayi kowa, duk Gaya babu wanda ake yi wa rakiya kamar ni. Gidan da na shiga, ba na daɗewa sai mai gidan ya miƙe da kansa ya kai ni har bakin hanya. Mahaifinta ma, Allah ya jiƙansa, lokacin da nake zuwa gaishe shi, har bakin rijiya yake kai ni.

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube ni, ta ajiye faifan, ta kama dariya har tana share ido da gefen zani.

"Har bakin rijiya, don ya tabbata ba ka juyo ba."

Na zauna ina lissafa gidajen da aka karrama ni a rayuwata. Suna da yawa ƙwarai.

Washegari na gwada a kan ɗan Gafasa. Ina tsakiyar labari na'ura ta yi kukanta. Na yanke maganar a inda take, na laluba takalmina, na miƙe.

"Mu je in taka maka, jikan abokina."

"Yau kuma? Ai keken ga shi nan, taku huɗu ne."

"Ko taku ɗaya ne, kakanka ya ci wannan a wurina."

Ya miƙe yana ƙunƙuni, wai tsufa ya fara taɓa ni. Na cire igiya, na dafa rufin keken, na bi shi har bakin kwalta ina saƙon gaisuwa ga mutanen gida. Kafin in juyo wani ya shiga gurbinsa. Dattijon nan da na ɓata wa rai, da na yi masa rakiyar farko, har hannuna ya riƙe ya ce ya san ni ɗan mutunci ne.

Daga nan na zama mai tashi da zama. Gwiwoyina suka yi ta ƙara, na daina jin daɗin shayi mai zafi. Labarai kuma suka koma guntu-guntu. Wanda ya ji farko bai ji ƙarshe ba, wanda ya ji ƙarshe bai san wa ake magana a kai ba. Wasu sukan kai fasinja Ajingi su dawo, su ajiye keke can gefen gona inda ba ya tare kowa, su zo neman sauran. Wannan ban hana ba, ba a jikin igiya suke ba.

Aka cire gyaɗa, buhuna suka fara bin hanya, Injiniya ta dawo. Ta jona motarta, ta zauna a benci, ta karɓi shayi. Ta ce ofis sun ga canji, sun tambaye ta wane tsari ta kawo, ta rasa yadda za ta rubuta shi a takarda. Na'ura dai ta zauna.

Na gyara zama na fara godiya. Na faro daga iyayenta, na gangaro kan malaman da suka koyar da ita, ina shirin shiga tarihin darbejiyar da wanda ya dasa ta, sai na'ura ta yi kuka sau uku. Na yi kamar ban ji ba. Ɗan Gafasa, da ke jiran layi da buhunan gyaɗa a bayan keke, ya sunkuya ya ɗauko takalmina ya ajiye mini a gaba.

"Tsoho, ba za ka taka wa Injiniya ba?"

Na sa takalmin. Ita ma ta miƙe tana danne dariya, da sauran shayi a kofinta. Na raka ta har bakin kwalta, na dawo na jona keken ɗan Gafasa.