Wasan da Yaya Ya Bari a Kunne

Wata shekara yayana ya dawo daga Kano da na'urar gem ta gwanjo, irin mai cin kaset, wadda tun a lokacin 'yan birni sun daina yayinta. Garinmu babu wutar lantarki, don haka da batirin mota yake kunna ta, ita da wata 'yar talabijin. Ranar kasuwa sai ya ɗauki batirin ya kai caji Ɗambatta.

Wasan na wani ɗan mutum ne mai sanda, yana gudu yana tsallake ramuka. Ni abin dariya na ɗauke shi. In Yaya ya miƙo min abin dannawa, da gangan nake jefa ɗan mutumin a rami don in ji 'yar ƙarar da yake yi, in yi ta ƙyalƙyalawa har da hawaye. Sai ya fizge ya ce, "Ke dai ɓarnar batir kawai kika iya, tashi ki ba mutane wuri." Shi kuwa ba ya dariya. Ya san kowane mataki kamar yadda ya san kunyoyin gonarsa, in yana yi har harshe yake cizawa.

Na'urar tana da aibi ɗaya: ba ta riƙe inda aka tsaya. Da zarar wuta ta yanke, sai a koma farko. Shi ya sa in zai fita yakan tsayar da wasan, ya kashe talabijin don tattalin caji, ya bar na'urar a kunne, ya rufe ta da faifai saboda kaji.

Bayan an cire gyaɗa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a wasan. Ya ƙwala min kira na zo, na tarar da ɗan mutumin tsaye a bakin wata ƙatuwar ƙofa.

"Ƙarshen yana bayan ƙofar nan," in ji shi. "Bari in kai gyaɗa in dawo. Ko kaza ce ta taɓa wayar nan, ke zan kama."

Ranar kasuwa ce, amma bai tafi da batirin ba. Motar da ya shiga ta kife a hanya, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Gida ya cika da mata masu gaisuwa. Ni kuwa in na faki ido sai in shige ɗakinsa in ɗaga faifan. Jar fitilar na'urar tana nan a kunne, ɗakin yana warin man gyaɗa da zufarsa. Sau ɗaya na kunna talabijin ɗin, na rage murya gaba ɗaya. Ɗan mutumin yana tsaye, ƙafa ɗaya a ɗage, yana jiran yatsan Yaya. Na ɗauki abin dannawar, na sake ajiye shi. Na san kaina, kafin in shiga ƙofar zan kashe shi. Ranar na fara jin tsoron wasan nan.

A haka Inna ta same ni, ita da kullum take ce wa gem ɗin aikin banza. Ta daɗe tana kallo.

"Shi ya tsayar da shi a nan?"

"Eh, Inna."

"To, bar shi."

Da hannunta ta mayar da faifan.

Da safiyar sadakar uku jama'a ta yi yawa, muryar malam ba za ta kai cikin gida wurin mata ba. Aka aro lasifika daga masallaci. Ina tsakar gida ina raba gumba na ji lasifikar ta yi ƙara, sai ga muryar malam ta cika unguwa. Nan take na gane, domin duk unguwarmu batir ɗaya ne mai caji. Baffa, ƙanen babanmu, shi ya shiga ɗakin ya cire wayoyin. Bai san komai ba, alheri ya nufa.

Na ɗaga kai, Inna tana kallona ta tsakanin mata. Muka ɗaga hannu muna amin tare da kowa. Da aka shafa, Baffa ya leƙo da fara'arsa ya ce, "Kun ga ikon Allah, da batirinsa aka yi masa addu'a." Inna ta ce, "Allah ya saka da alheri." Na shiga ɗakin, faifan yana ƙasa, fitilar ta mutu.

Yanzu wasan nan har a waya ana samunsa, kuma yana riƙe inda aka tsaya. 'Yata ta biyo ni wurin ɗaukar sa da wasa, tana yi tana cin rake, amma kwanakin baya ta kai ƙofar. Ta rugo da murna, "Mama, zo ki ga ƙarshen!"

Na ce mata hannuna da kwaɓi. Ta ce za ta tsayar ta jira ni.

"Kada ki tsayar," na ce, da tsawar da har ni ta firgita. "Shiga yanzu, amma kada ki faɗa min abin da ke ciki."