Jirgin da na wanke wa Sarjan Dambo

Ranar da na wanke jirgin Sarjan Dambo ba ta taɓa fita raina ba. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, saboda haka kada ku tambaye ni lambar shekara. Abin da na sani, shekara huɗu ke nan da gama gadar Kwara, shekara biyu da sauke tutar Faransa a gaban biro, wato ofishin gwamnati, kuma ba a kai ga rigimar da ta sa aka rufe hanyar Dahome ba. Ina goye da autata, an gama yankan shinkafa, sanyi ya fara shigowa daga kogi.

Ku masu shara na yanzu, ku san yadda aikin yake a da. Ni kaɗai ce mace a biron kumandan na Gaya. Ina shiga bayan sallar asuba, in share ɗakuna huɗu da baranda, in cika randa, in goge tebura. Takarda ba na taɓa ta, ko a ƙasa na gan ta sai dai in ɗora mata dutse. Ran Asabar kuwa ranar tagulla ce: mariƙin ƙofa, ƙararrawa, ma'aunin wasiƙu, duk in dirje su da tsamiya da toka har mutum ya ga haƙoransa a ciki. A garin nan ba wadda ta kai ni. Ba yabon kai ba ne, kowa ya shaida.

Sarjan Dambo shi ne falanto, wato mai zama a ƙofar kumandan, mai shigar da baƙi da kai takardu. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Turawa a hayin teku, ya dawo da ɗingishi da lambobi biyu a ƙirji. Matarsa ta rasu, bai sake aure ba. Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya ɗaure wa takarda zare sai ka ji tausayin kwance shi.

Da Baturen ƙarshe zai tafi, ya bar kwali uku a ɗakin ajiya. Da aka buɗe, sai ga guntayen roba masu launin toka, maƙale a jikin reshe kamar dabino a zangarniya, da takarda mai zane, da gwangwanayen fenti ƙanana kamar tandun kwalli. Isufu direba ya ce a ba yara su yi wasa. Sarjan ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan kamyon soja ne, wato babbar motarsu, wannan jirgin sama, wannan kuma jirgin ruwa, irin wanda ya ɗauke su zuwa yaƙi. Sabon kumandanmu, ɗan ƙasa ne mai son tsari, ya ce to ya harhaɗa su. Ranar bikin Jamhuriya babban baƙo zai zo daga Yamai, za a yi wa tsofaffin sojoji tebur nasu a baranda, a jera kayan a kai.

Wata biyu yana wannan aiki a ɗakin ajiya, duk lokacin hutun rana. Na sha leƙa shi ta taga. Zai yanko guntu da reza, ya kankare bakinsa, ya gwada shi a wurinsa sau uku ba gam, sai a na huɗu ya ɗiga gam da tsinken tsintsiya. Wasu bindigogin ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, da matsefata yake ɗaukarsu, da waɗannan yatsun nasa masu kaurin taɓarya. Ya gama kamyo, ya gama jirgin sama, su biyun suna ƙyalli. Jirgin ruwan ne ya rufe da ƙyalle, ba ya bari kowa ya gani.

Saura kwana huɗu biki, kumandan ya tara mu ya ce, "Duk abin da ke cikin biron nan ina son ya yi ƙyalli. Kada baƙo ya ɗora yatsa ya ɗauko ƙura." Yana faɗa yana kallona. A yammacin nan Sarjan ya fito da kayansa ya jera a tebur, ya tafi Tanda gaisuwar mutuwa, zai kwana can.

Da safe na ɗaga ƙyallen. Jirgi ne mai tsawon kamu guda, kyakkyawa, amma ƙazanta ta cinye shi. Tsatsa ta zubo daga hancinsa, bakin bututun hayaƙi baƙi ƙirin, gefensa duk dabbare-dabbare. Na ce a raina, Allah sarki, gwauro. Ya iya haɗawa, bai iya tsabta ba, ya bar shi a ɗakin ajiya har ya lalace. Ban tsaya tunanin cewa roba ba ta tsatsa ba. Na ɗebo ruwa a daro, na kawo soso da toka da sabulu, na zauna na yi masa irin wankan da nake yi wa tagulla.

Tsatsar ta fita. Fentin ma ya bi ta. Lambobin da ke gefensa suka saɓule suna yawo a kan ruwa kamar ɓawon albasa, zaren da ya ɗaɗɗaura ya tsintsinke, ƙananan bindigogi suka zube. A nan na gane na yi ɓarna. Abu ɗaya na yi na hankali: ban watsar da ruwan ba, na tace shi da rariya, na tsince duk abin da ya faɗa na zuba a faifai.

Da hantsi sai ga Sarjan a kan kekensa. Ya hau baranda, ya tsaya.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ce, Baba Sarjan. Ba sai ka gode ba."

Isufu direba yana jingine da mota, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Tani, Jamus sun yi shekara shida ba su ci jirgin nan ba, ke kin gama da shi kafin karin kumallo."

Sarjan bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ja kujera ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, "Ɗiyata, tsatsar nan ni na zana ta. Kwana goma sha biyu, da gashin jelar doki guda uku. Jirgin da ke cikin kwalin sabo ne, ni kuwa ban taɓa shiga sabon jirgi ba. Wanda ya ɗauke mu haka yake." Ya nuna wani wuri da yatsa. "Nan muke layin abinci. Nan muke amai. Ta nan gefen aka saka wani ɗan Bengou a ruwa, a nannaɗe da bargo, ni na riƙe ƙafafunsa."

Ina tsaye da soso a hannu kumandan ya iso. Ya dubi jirgin, ya dubi daro, ya tambayi wanda ya taɓa shi. Sarjan ya miƙe ya ƙame ya ce, "Mon kumandan, jirgi ya shiga gyara." Na gane rufa mini asiri yake so ya yi, amma ni ban saba ɓuya a bayan kowa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na wanke shi. Ka ce komai ya yi ƙyalli."

Kumandan ya ce ya riga ya rubuta wa Yamai cewa akwai jirgi. In ranar biki bai koma yadda yake ba, in ajiye tsintsiya in tafi gida. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma mutum ne da ba ya mayar da maganarsa. Ni ga 'ya'ya uku, mijina ya shekara kwance da ciwon ƙafa. Tsintsiyar nan ita ce tukunyarmu.

Da ya shige, Sarjan ya buɗe gwangwanayen fentin ya nuna mini. Duk sun ƙare, sai ɗan fari a gindin ɗaya. Irinsa kuma babu shi a Gaya, babu a Malanbil, sai Yamai ko bakin teku. Na tambaye shi wane launi yake nema. Ya ce launin toka mai ɗan duhu, kamar sama in hadari ya haɗu bai zubo ba. Na ce in dai wannan ne, ya ba ni zuwa azahar.

Uwata mai shafen ɗaki ce, ita ake kira in za a kai amarya. Na taso ina dama mata launi. Na jiƙa ƙaro, na tankaɗe tokar kara sau uku a ƙyallen ɗankwali, na kankaro baƙin tukunya, na ƙara ɗan shuni. Na kawo masa a sakaina. Ya shafa a bayan hannunsa, ya jira ya bushe, ya ce ya yi haske. Na ƙara baƙi. Ya ce ya yi duhu. Sau bakwai muna haka, ina cewa a raina tsohon nan so yake ya rama. A na takwas ya ɗauka ya shafa a jikin jirgin. Sai ga shi ya kama. Ya ce ashe dirzar da na yi ce ta sa robar ta yi kaushi har take riƙe launi, amma kada in ɗauka yabo ne.

Kwana uku muka yi a gindin mangwaron bayan biro, daga gama shara har rana ta yi sanyi. Ya mayar da bindigogin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga, ba wadda ta ɓata. Na warware zaren bakin zanena aka yi igiyoyi. Tsatsa kuwa da makuba muka yi ta, wadda ake daɓen ƙasa da ita, da ɗan jan yumɓu. A nan na ga aikin mutumin nan da kyau. Ba ya ɗiga ja inda ya ga dama. Sai ya ce, "Ina ruwa yake kwana? To daga nan tsatsa take tashi, kuma ƙasa take bi, ba ta hawa." Hayaƙi kuma baya yake kwantawa, don jirgi gaba yake tafiya. Kowane ɗigo sai ya riƙe numfashi. In ya kuskure ya goge da yawu ya sake, ba tsaki.

Ni ma na sa bakina sau ɗaya. Ubana ɗan fito ne, a jirginsa na girma kafin gada ta kashe sana'ar. Na ce, "Baba Sarjan, jirgin da ya daɗe a ruwa yana da ɗamara. Inda ruwa ya tsaya masa akwai kore-kore." Ya dube ni, ya rufe ido kamar mai neman wani abu, sannan ya ce, "Akwai. Na farkon ma ban sa ba." Na daka ɗanyen ganyen lalle na tace, shi ya ja layin. Lambobin gefe ya rubuta da ragowar farin fentin.

Ranar biki aka yi fareti, 'yan lakwal suka yi waƙa, baƙo ya hau baranda. Ya tsaya gaban jirgin sama ya yaba, ya dubi na ruwan ya gyaɗa kai ya wuce. Ni ina can ƙarshen baranda kusa da randa, ban san ko gyaɗa kan nan ya ishe ni ba.

Sai tsofaffin sojoji suka biyo layi, su wajen goma sha biyar, da tsofaffin kakinsu. Kamyo da jirgin sama ba wanda ya daɗe a kansu. A gaban jirgin ruwan layin ya tsaya cak. Wani dogo daga Tanda, mai ido ɗaya, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa shi. Ya ce, "Dambo, har warinsa nake ji." Wani ya nuna ƙarƙashin bututu ya ce nan yake ɓuya saboda ɗumi. Suka shiga gardamar ko ta dama ake hawa ko ta hagu, suna kiran sunayen mutanen da ban taɓa ji ba, wasu a ce Allah ya jiƙansa. Baƙon da ya riga ya kai bakin mota ya dawo ya tsaya a bayansu yana saurare. Har aka kira azahar ba su watse ba.

Da taro ya tashi, kumandan ya biyo ta gabana. Bai tsaya ba. Ya ce, "Tani, gobe ki zo da wuri, sun cika mini baranda da ɓawon gyaɗa." Shekara ashirin da shida na ƙara a biron nan.

Abin da na ɗauka daga wannan, nake kuma faɗa wa duk wadda aka ba tsintsiya: hannunki yana shiga inda mai wurin ba ya nan, kuma ba duk abin da ya yi miki kama da datti ne datti ba. Wani aikin mutum ne, wani kuma abin da ya gani ne da idonsa. Ki tambaya tukuna. Na kuma ga cewa gwani na gaske, in an ɓata masa aiki, hankalinsa na kan yadda za a gyara, ba kan wanda za a kama ba. Sarjan Dambo bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya.

Kumandan ya rasu a Yamai. Sojojin nan ba ko ɗaya. Cikin waɗanda suka tsaya a barandar nan ranar, saura Hawa mai ƙosai ta bakin biro, tana wurin ɗanta a Doso, sai Isufu direba a Bengou, idonsa ya tafi amma bakinsa na nan. Bara da na je gaishe shi, yana jin muryata ya ce a ɓoye kwanonin gidan kada in dirje musu fenti. Sai kuma ni.