Tankin Feshin Yayana

Yayana feshi yake yi wa mutane a gonakin tumatir na Kadawa. Tankinsa yoyo yake yi, maganin ƙwari ya bi gadon bayansa ya jiƙa masa wando sharkaf, haka zai wuni a rana har ya bushe a jikinsa. In bakin tiyo ya toshe, da bakinsa yake hurawa. Idan ya tashi sai ya shanye madarar gwangwani guda, wai tana kashe dafin. Duk masu feshi haka suke cewa, ni kuwa ko warin da yake shigowa da shi gida tayar mini da zuciya yake yi.

Shekara shida matarsa ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Innarmu ta ɗura mata saiwoyi da rubutu har sai da haƙoranta suka dafe. Shi kuwa gogan, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ya sha wani magani ba.

Ni na ja su asibiti a Kano. Aka duba ta, lafiya lau. Da ƙyar ya yarda aka gwada maniyyinsa. Likita ya ce ƙwayoyin kaɗan ne, yawancinsu ma ba sa motsi, sannan ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, ya ce ba zai rantse feshin ne ba, amma ya ajiye tanki wata uku a sake gwaji.

A motar dawowa, mun kusa Kura, Yaya ya ce da ni, "Tsutsa ta faɗo wa tumatir. In na ajiye tanki yanzu, kowa sai ya tambayi dalili. Maganar nan ta mutu a nan."

"Matarka kuma fa?" na ce.

Ya juya yana ta kallon gonakin shinkafa ta taga.

Muna shiga gida Inna ta tare mu. "Me likitan ya ce?"

"Cewa ya yi ta ci gaba da shan magani," in ji Yaya.

Matarsa ta durƙusa, ta ce, "Haka ne, Inna."

Na ji ƙyamarsa har cikin raina. Amma takardar gwajin tana cikin jakata, kuma da Inna ta juyo ta dube ni, kai na gyaɗa mata.