Giɓin da ke Gefen Kawu

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano aka kwaso mu kamar buhunan gyaɗa aka zube a Dutse. Ina ƙaramin akawu a lokacin, ko aure ban yi ba. Garin bai shirya wa baƙi ba. Mu biyar muke kwana a ɗaki ɗaya, manyanmu kuwa sun bar iyalansu a Kano, sai ranar Juma'a su koma. Abin da ya fi damun babba da yaro shi ne abinci, kuma abincin ne ya kawo kawuna garin.

Ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, daga ƙauyenmu da ke kusa da Aujara. Ɗan daudu ne. Gara in faɗa tun yanzu, don na yi shekaru ina kewaya kalmar. Tun yana ƙarami a gindin murhu yake tare da mata. Idan zai yi girki sai ya ɗaura zane a kan wando, yana tafiya yana rangwaɗa, yana magana hannu na tashi sama. Ya kafa rumfa kusa da tasha, kafin wata biyu duk ma'aikatan garin sun san hanyarta. Tuwon shinkafa da miyar taushe da rana, waina da safe. Har yau ban ƙara cin waina irin tasa ba, kuma na faɗa wa matata haka, ta yi fushi ta huce.

Babu wanda ya san kawuna ne. Ba mu taɓa zama mun yi wannan yarjejeniya ba, shi ya gane da kansa tun ranar farko da na shiga da abokan aiki na kau da kai. Daga ranar sai ya riƙa ce mini "Malam akawu" kamar kowa, amma kullum sai na tarar da tsoka biyu a ɓoye ƙarƙashin tuwona.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne hirar bayan cin abinci. A rumfa ana raha da shi, yana zolayar manya suna ƙyaƙyata dariya: "Ranka ya daɗe, ci a hankali, ba gudu tukunyar za ta yi ba!" Da an koma ofis, ana sakace haƙori da tsinken rumfarsa, sai wani ya ce irin waɗannan ne ke hana ruwan sama sauka. Wani ya kawo labarin mutanen Annabi Luɗu da yadda aka kife da garinsu. Ni dai ban san abin da Kawu yake yi a ɓoye ba, ban taɓa tambaya ba. Abin da aka koya mini a makarantar allo da ta zaure shi ne aikin haramun ne, kuma a nan ɗin dai aka koya mini cewa ba a ɗora wa mutum shi sai da shaidu, ba a kuma bin diddigin asirin Musulmi. Su kuwa shaidarsu ɗaya ce, tafiyarsa. Duk wannan a cikina nake faɗa. A fili dariya nake taya su.

Da shari'a ta zo kowa ya yi murna, har da ni. Ba a jima ba wasu samari da suka ɗora wa kansu aikin gyaran gari suka je rumfar suka ba shi kwana uku ya rufe ta. Ba su dake shi ba, sun ma yi masa sallama. Ya gane biyu daga cikinsu, ya san wanda ba ya son yaji a wainarsa. Manyan da suka shekara tara suna cin tuwonsa babu wanda ya ce uffan. Sai mako na gaba na ji suna ƙorafi wai yanzu babu abincin kirki a garin nan. Ranar kaɗan ya rage in jefi wani da kwalbar tawada.

Kawu ya koma ƙauye. Wasu dangi suka ce kada a ba shi ɗaki, mahaifiyata ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta share masa ɗakin soro. Ya miƙa mata tukwanensa gaba ɗaya, ya je gaban liman da dattawa ya ce ya tuba. Na taɓa tambayarsa daga me ya tuba, sai ya harare ni ya ce, "Ɗana, wa ya rasa abin tuba?" Ya ɗinka manyan riguna, ya ajiye ɗan gemun da bai fi a ƙirga ba, ya karɓi gonar gadonsa yana noma gero da riɗi. Duk abin da aka ce ya bari ya bari. Murya da tafiya ne suka ƙi, don ba a rumfa ya saye su ba.

Wata Asabar na je gida, aka kira La'asar. Na makara, na samu wuri a sahu na biyu. Liman ya juyo kamar kullum ya ce, "A daidaita sahu, a cike giɓi, kafaɗa da kafaɗa. Shaiɗan ne ke shiga inda aka bari." Aka matsa aka matsa, sahun gaba ya haɗe tun daga bango har bango, sai wuri ɗaya. Kawu yana tsaye, damansa fili, hagunsa fili, kowanne mutum zai shiga har ya yi walwala. Na dama ya manne wa maƙwabcinsa, na hagu ma haka, kowa ya kafe ido a ƙasa wai shi mai tsoron Allah.

Ko yaron goye ya san ƙa'ida: idan akwai giɓi a gaba, wanda ke bayansa shi ke cikewa. Ni ne a bayansa. Taki ɗaya ne tsakanina da kafaɗar ƙanin uwata. Sai na ji idon mutane a ƙeyata, na tuna ana maganar aurena da 'yar gidan mai unguwa. Na sunkuya na hau gyaran ƙafar wandona, wandon da babu abin da ya same shi, har liman ya yi kabbara.

Da muka fito Kawu ya jira ni a gindin darbejiya. Na zaci zai yi fushi, da ma ya yi. Murmushi ya yi ya ce, "Ɗana, wandon nan ya ba ka wahala yau. Kawo shi in rage maka tsawonsa."

Mahaifiyata ce ta faɗa mini cewa haka ake yi masa sau biyar a rana tun da ya dawo, wata bakwai ke nan. Ta ce ya yi zamansa ya yi salla a ɗaki, ya ƙi, wai ladan jam'i ba na gidan uban kowa ba ne. Bayan wannan zuwan nawa ne ya samo dabara, yana riga kowa zuwa ya kama ƙarshen sahu. Ya ce da ita, "Yaya, bango dai ba ya guduna. Kin ga saura gefe ɗaya."

Washegarin Asabar ɗin na tafi wurin liman da zafina. Dattijo ne mai haƙuri, ya bar ni na zazzage duka: mutum ya tuba an ƙi karɓa, to me ake so ya yi, ya mutu? Su wa suka ba su mabuɗin ƙofar tuba? Ya ce, "Na yi wa'azi a kai ba sau ɗaya ba. Na ce wanda ya tuba kamar wanda bai yi laifi ba ne. Suna cewa haka ne, Allah gafarta Malam, sannan su matsa. Ni a gaba nake, ba zan iya ɗaga ƙafar mutum in ajiye masa ba." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai jiya a ina ka tsaya?"

Na hau motar Dutse da rantsuwar cewa zuwa na gaba zan tsaya a gefensa ko garin zai tashi. Sai na ce bari a ɗaura auren tukuna, kada a ɓata magana. Aka ɗaura. Sai damina ta sauka, hanya ta lalace, aiki ya yi yawa. Dalili ba ya ƙarewa ga mai nemansa. Na je gida sau biyu a tsakanin, duk biyun na tsara tafiyar yadda zan iso bayan Azahar in juya kafin La'asar. Ana cikin girbin gero aka aiko cewa zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi.

Na iso an riga an yi masa wanka an sa shi a likkafani. Na taho da fargabar ba za a samu masu salla ba, sai na tarar da ƙofar gidanmu cike. Jana'iza ai akwai lada, ba mai son a ba shi labari. Aka ajiye makara a gaban liman, muka yi sahu uku. Na dama da na hagun nan duk suna sahun farko, a haɗe kamar haƙoran matsefi. Tun da Kawu ya dawo garin, ranar ce kaɗai ya zo salla sahu ya cika.

Ban san na tsaya nesa da na kusa da ni ba, hankalina yana kan makarar. Sai na ji an ja hannun rigata. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ne, ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Matso mana, Malam, kada ka bar giɓi."