Wankan Jegon Autata a Toranke

Ana idar da sallar asuba muka bar Balan, ni da ƙanwar maigidana, kowace a bayan babur. Autata ce ta haihu a Toranke, na kuma ce ni zan yi mata wankan jego. Tun da aka cire mini nonon hagu a Kano saboda ciwon daji ban je ko'ina ba sai asibiti. Likita ta ce yanzu ba su ga komai ba, in dai riƙa zuwa ana dubawa, amma zuciyata ta ƙi yarda. Haihuwar autar tawa ta baya ban je ba, na ce mata jiki ne, alhali tsoro ne. Wannan haƙƙin nata har yau yana cina.

A tashar Gaya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Kwandasta na ta cusa mu a bas yana cewa, "Hajiya a matsa." Na ce, "Ɗan nan, rabin ƙirjina na baro a asibiti, ina kuma zan matsa?" Sai wata Bafulatana ta fashe da dariya, kowa ya bi.

Hanyar Ajingi dai ga ta nan. Hagu da dama an tuge gyaɗa an jera, dawa ta sunkuyar da kai. Da muka faɗa wani rami sai na ji tsuki a hammatata ta hagu. Wanda bai yi ciwon nan ba ba zai gane ba: nan take na fara tunanin wa zai riƙe mini awakina. Hannuna har ya shige hijabi zai lalluba, sai na tuna jiya na duba yadda aka koya mana, ban ji komai ba. Na zaro shi, na kama carbi. Ashe ma bakin kwanon wata ne ya tokare ni.

Mun tarar da kasuwar Ajingi na ci. Na sayi kanwa da tsamiya da kayan yaji, sannan muka sake hawa babur zuwa Toranke, ta cikin rairayin da ya kusa kayar da mu.

Uwar mijin autata ta tarbe mu da fura mai sanyi. Sai dai na lura jaririn na yawo hannu zuwa hannu, idan ya zo kaina a tsallake. Da aka sauke tukunyar ruwan wanka na miƙe, sai ta ce, "Haba Hajiya, ke da ba ki da lafiya? Ki huta, mun samu mai yi."

Na shiga ɗaki wajen 'yata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, cewa suka yi in kika taɓa ni ciwon zai shiga nonona, yaron ya sha."

Da a baya ne da na ɗauki jakata na koma gida ina kuka. Ranar kuwa hijabi na cire, na yi ɗaurin ƙirji, na fito tsakar gida, tabon aikin a waje. Matan duk suka kau da kai.

Na ce, "A'a, ku kalla da kyau. Wannan tabo ne, ba ƙazwa ba. Ba a ɗaukarsa. Cikin masu wanke mini ciwon a asibiti har da mai goyo."

Uwar mijin ta ce, "Yo mu ina muka sani? Haka muka ji ana faɗa."

Na ce, "To yau kin ji daga bakin mai shi."

Ba wanda ya motsa. Can sai ga 'yata ta fito tana dafa bango, ta ɗauki damin ganyen darbejiya ta sa mini a hannu. Da hannun dama na yi wankan, na hagun ba ya ɗaguwa sosai. Na sirka ruwan yadda ba zai ƙona ta ba. Ina cikin yi na ce mata duk ranar da ta je awo ta gaya musu abin da ya sami uwarta, kada ta ji kunya. Bayan la'asar uwar mijin da kanta ta ɗora mini yaron a cinya.

Sai da aka yi suna, ƙanwar maigidana ta karɓi wankan, sannan na kamo hanyar gida, don ranar ganin likitata ta matso. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoron bai tsaya a Toranke ba, tare muka dawo. Abin da na gano shi ne zan iya yin aiki yana nan. Ko ciwon zai dawo, Allah ne masani, asibiti kuma ba zan fasa ba. Da na fito daga wajen likita Toranke zan zarce, ni zan ƙarasa arba'in ɗin.