Ɗigon Fenti a Wutsiyar Giwan Ruwa

Duk wanda ya hau daladala, wato ƙaramar bas ta haya, a Mwanza kafin a fara wannan shirmen na farin fenti, to a cikin aikin Baba Kishosha ya zauna, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ke yi wa motocin zane: duwatsun bakin tafki, zakara, mace ɗauke da ayaba. Da burushi yake aiki, a kan tsani, yana zagin duk wanda ya tsaya masa a ka. Da ƙungiyar masu motocin layinmu ta yanke cewa kowace mota ta koma fara fat da ratsin shuɗi, sai aikinsa ya riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har saura mota guda, ta direba Maganga, mai ƙaton giwan ruwa tun daga ƙofa har baya. Ita ma an sa mata rana.

Ni shagon wasannin kwamfuta gare ni a bayan tasha. Wata rana tsohon ya leƙo, ya tarar ana wasan tuƙin bas, ya nuna allo da haɓa.

"'Yata, wa ya yi wa wannan motar fenti? A ɗaure shi."

Na ce ai fata muke ce mata, hoto ne ake zanawa a lulluɓa wa motar cikin wasan. Na buɗe masa fayil ɗin, ga mota a baje kamar fatar akuya da aka shanya, gefe nan, rufi can, ƙofa a wani lungu. Ya jawo kujerata ya zauna, ya ce motar Maganga zai zana a kai. Har yau ban sake samun kujerar nan ba.

Wallahi mun sha wahala da shi! Fitarwar farko, da muka lulluɓa wa motar wasan, kan kifin a saman rufi ya fito. Ta biyu, rubutun gefen hagu ya juya baibai. Ya gyara, ya zana kifin da hannunsa mai rawa, har da wani ɗigon jan fenti da ya gangaro a wutsiya, daidai yadda yake a jikin motar Maganga. Da muka matse fayil ɗin don ya yi sauƙi, ɗigon ya narke ya ɓace, sai Baba ya buga tebur ya ce a fitar da shi da nauyinsa, kwamfuta ta mutu in ta ga dama.

Masu wannan sana'a ta zana fata suna da guruf a waya, kuma dokarsa ɗaya ce: kowa ya turo aikinsa a buɗe, kowane launi a hawansa daban, don wani ya iya gyarawa. Baba ya tura. Washegari Bariki, shugaban guruf ɗin, ya dawo masa da kifin an miƙe layukansa, an goge ɗigon, yana ƙyalli kamar na kan gwangwani. Bariki ba mugu ba ne, har shago ya zo yana murmushi.

"Baba, ɗan tsabtacewa kawai na yi, hannu ya tsufa ai."

"Tsabtacewa? Su ma masu farin fenti haka suka ce. Kai ɗan nan, je ka tsabtace hancinka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ake shirin shafewa a karo na biyu. Baba ya juyo ya ce in nuna masa inda ake haɗe hawa-hawan nan su zama ɗaya. Na ce in ya haɗe, ba mai iya raba ɗigon da kifin, shi kansa ba zai iya ba, kuma korarsa za su yi, motarsa ba za ta shiga tarin fatun da suke raba wa duk ƙasar ba.

"Fenti in ya bushe, ana ɓare shi hawa-hawa ne? Nuna min."

Na nuna masa, ya danna, ya fitar. Kafin a sauke ugalin rana, tuwon masararmu, sun cire shi daga guruf. Ya ce Allah ya raka taki gona.

Ranar da aka shafe motar Maganga, Baba bai je kallo ba. Maganga ne ya shigo shago da yamma, takalminsa duk farin fenti, ya tsaya bayan tsohon yana kallon allo, ga motarsa a cikin wasan da kifinta. Can ya kai yatsa kan wutsiyar kifin.

"Kai tsohon banza! Har wannan ka sa? Ranar da na ja baya na doki tsaninka?"

"Saura ƙiris ka karya ni, makahon direba."

Maganga ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. Baba ya miƙe, ya tura masa kujerar da ya hana kowa.

"Zauna ka ja motarka. Wannan karon ka duba madubi."