Kazar da za a gwada a Yamai

Ina cikin tsotsar ƙashi na ce, "To Inna, a miƙo mini kazar nan marar lafiya in kama hanya."

Rediyo ne ya yi maganar murar tsuntsaye yau, ya tuno mini da wannan rana. Shekarun tamanin ne, ina ma'aikacin dabbobi a Buza. Kaji na ta mutuwa a ƙauyen Allakaye, shugabana ya aike ni in ɗebo jini da majinar mai ciwon, a kai Yamai a gane wace irin cuta ce.

Da safe na ga wata kaza tana gyangyaɗi a gidan Inna Hajo, na ce a ajiye mini ita, na zaga gari. Ina dawowa aka kawo tuwo da nama.

Da na nemi kazar, Inna ta dube ni. "Ai ita ka canye, ɗana. Baƙo ya nuna kaza, mi za a yi mata in ba yanka ba?"

Na dubi kwalaben ɗibar jinina, na dubi cikina.

Ta ce, "In gwajin dole ne, su gwada ka."

Wallahi kazar ta yi daɗi. Da ku ne, me za ku gaya wa shugabana?